Turaren Wuta a Ɗakin Gwajin Wiwi

Na sauka Manchester da akwati biyu da adireshin ɗakin da babu shi. Tun ina Kano wani mutum ya yi ta kirana a waya, ya karɓi kuɗin kama ɗaki, ya rantse cewa ta tagar ɗakin ma ana hango jami'a. Da na isa lambar gidan, a wani lungu bayan Oxford Road, sai na tarar da shagon wankin kaya. Matar da ke ciki ta dubi takardar, ta dube ni, ta girgiza kai ta ce ba ni ce ta farko ba. Na zauna a kan akwatina a bakin shagon, yayyafi yana bin wuyan hijabina, na yi kuka mai isata. Har yau ban san fuskar mutumin nan ba, kuma har yau ban yafe masa ba.

Sunana Zulai. Harhaɗa magunguna na karanta a gida, na yi shekara shida ina aiki a ɗakin gwaji na wata jami'a, sannan na samu gurbin digiri na uku a Ingila, a tsakiyar shekarun dubu biyu. Wata 'yar Somaliya da na tambaya hanyar masallaci ce ta ji ina mita da Hausa ni kaɗai, ta ce ta san masu irin yaren nan. Ita ta sa ni a bas zuwa Old Trafford, ta raka ni har ƙofar Hajiya Mariya.

Hajiya Mariya 'yar zangon Kumasi ce, gajeruwa, ga faɗa ga kyauta. Aikin kula da tsofaffi take yi, mijinta yana tuƙa bas. Ba ta tambaye ni komai ba sai da na ga bayan kwanon tuwo da miyar kuɓewa. Sannan ta nuna mini wani ɗan ɗaki a sama, ta ce, "Doka biyu gare ni, 'yata. Babu namiji, babu sigari. In kin kiyaye, gidanki ne."

Da ta tambaye ni abin da nake karantawa, sai na ce magungunan tsirrai. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya ba. Tsiron da aka ba ni tabar wiwi ce. Ko mahaifina abin da na gaya masa ke nan, domin na san in kalmar wiwi ta fita daga bakina da hantsi, kafin la'asar unguwa ta gama da ni.

Shugabata a jami'a, Dakta Pilling, doguwar mace ce da ba ta ɓarnar kalma. In ta ce "good" sau ɗaya a wata, ranar sai ka ƙara nama a miya. Tabar kuwa tana cikin akwatin ƙarfe mai mabuɗi biyu, da lasisin gwamnati, ko ƙwayar gero za ka ɗiba sai ka sa hannu. Wanda ya koya mini aikin shi ne Graham, ma'aikacin ɗakin gwajin, dattijo mai furfura da ba ya rabuwa da kofin shayi sai in zai sa safar hannu.

Ni na taso ina ganin wiwi abu ɗaya ce, abin da 'yan tasha ke zuƙa idonsu ya yi ja. Ashe ganye ɗaya yana ɗauke da sinadarai masu yawa, 'yan gida ɗaya amma kowa da halinsa. Akwai THC, shi ne mai bugarwa, shi ya ɓata wa sauran suna. Akwai CBD, wanda ba ya bugarwa ko kaɗan, a lokacin ana ta binciken ko zai taimaki masu farfaɗiya da masu fargaba. Waɗannan biyun su ne sanannu. Ni ƙananan aka ba ni, waɗanda ko likitoci ba kowa ya san sunansu ba.

Na fara da CBG. Shi ne tushe, daga asalinsa tsiron ke ƙera sauran, saboda haka a ɗanyen tsiro ya fi yawa, in ganye ya ƙosa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Shi ma ba ya bugarwa. Sai CBN, wanda tsiron ba ya ƙera shi kai tsaye. In taba ta daɗe a ajiye, iska da haske suka ci ƙarfin THC, shi ne ke rikiɗa ya koma CBN, mai rauni, wanda mashaya ke cewa yana sa barci ko da yake mu ba mu da hujjar hakan. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne THCV. Sunansa kusan ɗaya da mai bugarwar, amma inda wancan ke sa mutum ya share tukunya, shi wannan an fara ganin alamar yana rage wa ɓeraye cin abinci. Graham ya ce in an tabbatar, shi ne zai fara layi, ya shafa tumbinsa.

Aikina shi ne in auna yadda ƙananan nan ke canzawa in taba ta tsufa, domin mai son yin magani da tsiro dole ya san abin da ke cikin kwalbarsa yau da kuma bayan wata shida. Sai in jiƙa ganyen a ruwan sinadari, in tace, in zuba a 'yan ƙananan kwalabe kamar ɗan yatsa, in rufe da murfi mai roba a tsakiya. Allurar na'ura ce ke huda robar ta zuƙi ruwan. Daga nan na'urar ta zana layi a takarda, kowane sinadari ya fito da tudunsa a wurin da ya saba fitowa. Tsawon tudu shi ne yawan sinadari.

Matsalar ita ce wari. Ranar da na niƙa ganye, warin yakan kama rigar aikina da hijabi har da gashin kaina. Wata ranar Laraba muna cin abinci, Samira, 'yar Hajiya, wadda aka haifa a nan take aiki a shagon waya, ta matso kusa da ni ta shaƙa.

"Anti Zulai, no offence yeah, amma kina warin weed."

Hajiya ta ajiye cokali. "Warin me?"

Samira ta dubi fuskata, ta gane ta taɓo abin da ya fi ƙarfinta, ta yi maza ta ce, "Warin lab, Mum. Chemicals."

"To ko ma na mene ne, ba na son sa a gidana," in ji Hajiya. Ta tashi ta ɗauko mini kaskon turare da kabbasa, wannan kwandon da ake kifawa a kan kasko a shimfiɗa kaya, da kwalbar turaren wuta da yayarta ke haɗawa a Birmingham. Ta nuna mini yadda ake sa wa ƙararrawar hayaƙi safa don kada ta tara mana maƙwabta.

Tun daga ranar, duk Juma'a sai in naɗe farar rigar aikina in sa a jaka. Akwai motar da ke zuwa kwasar riguna a kai wanki, amma ni a inda na fito kowa shi ke wanke tasa, kuma ban yarda in ba da rigata ta dawo da ta wani ba. In wanke, in goge, ranar Lahadi in shimfiɗa ta a kabbasa har hayaƙi ya ratsa ko'ina. Litinin in shiga ɗakin gwaji ina ƙamshi kamar amarya. Graham ya ce tunda yake bai taɓa jin hawa na uku, inda ɗakin gwajinmu yake, ya yi daɗin shaƙa haka ba.

A wata na takwas na fara ganin abin mamaki. Tudun CBG, wanda ya kamata ya zauna ɗan mitsitsi, sai ga shi yana tsawo a tsohuwar taba. Na sake, ya sake fitowa. Wayyo ni Zulai, kaina ya kumbura! Na ce na gano abin da Turawa suka kwana a kai ba su gani ba. Har na sayi katin waya na kira mahaifina na ce ya taya ni addu'a, babban abu na tafe. Na rubuta rahoto na kai wa Dakta Pilling ina taku ɗai-ɗai.

Ba ta ce "good" ba. Ta sa Graham ya auna tabar nan da kansa. A hannunsa tudun bai fito ba. Ta sa wani ɗalibi ya auna, bai fito ba. Ni kaɗai yake fito wa.

Duk Juma'a da rana muna da zama da Dakta Pilling, mu takwas ban da ita, a wani ɗaki mai dogon tebur. A nan ta ajiye takardata da ta Graham gefe da gefe, ta ce a gaban kowa, "Abu biyu ne. Ko dai ba ki iya awo ba, ko kuma kina rubuta abin da kike son gani. Kin yi shekara shida a wannan aikin, saboda haka na farkon da wuya."

Wato ni ce maƙaryaciya. Ta ce in ajiye mabuɗina, in tafi hutun mako biyu, za a duba littafin aikina, sannan kwamiti ya zauna. Na san ma'anar hakan. In kwamiti ya yarda na ƙirƙiri sakamako, sun kore ni ke nan, biza ta mutu, in koma Kano da sunan ɓarauniyar ilimi, babu jami'ar da za ta sake ba ni ko kujera. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni kaina ban san daga ina tudun nan yake zuwa ba.

Kwana uku ina kwance ina kallon silin. Ran na huɗu Hajiya Mariya ta banko ƙofa.

"Ba a yi mini zaman makoki a gida alhali kowa na da rai. Tashi. Yaya Kande na neman hannu, biki ya taso mata. Ki je ki yi mata aiki, iska ta buge ki."

Haka na hau doguwar mota zuwa Birmingham, na sake bas zuwa Small Heath. Gidaje a jere manne da juna, jan bulo iri ɗaya, sai mahauta da shagunan atamfa da masallatai. Ban sha wahalar gane gidan ba, hancina ne ya kai ni.

Hajiya Kande ta ninka ƙanwarta a jiki da murya. Kicin ɗinta ya zama masana'anta: tukunya a wuta tana soya itacen ƙamshi da sukari, kwalaben man turare a jere a kan taga, gwiwarta ɗaure da bandeji. A rana ta biyu, muna tsince itace, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Mariya ta ce an koro ki daga uni. Me kika yi?"

Ban san abin da ya kama ni ba, na gaji da ɓoyo. Na ce, "Hajiya, tabar wiwi nake bincike."

Ta saki itacen. "Innalillahi! Wiwi? Tun daga Kano kika hau jirgi don wiwi?"

"Ba sha nake ba, Hajiya. Aunawa nake."

"Mai auna ta da mai shan ta, wa ya fi kusa da ita?"

Na yi dariyar da na kwana biyu ban yi ba. Na ɗauko kwalabenta guda huɗu na jera. Na ce ta ɗauka duk daga itace ɗaya aka tatso su. Wannan shi ke juya kai, shi ne haramun ɗin da kowa ya sani. Wannan ba ya juya kai, ana sa ran zai yi wa masu farfaɗiya amfani. Wannan sai taba ta tsufa yake bayyana. Wannan ƙaramin kuma shi ne tushensu, shi ne ya jawo mini bala'i. In an iya raba su, a ɗauki mai amfani a bar mai cutarwa, an samu magani.

Ta nuna kwalaben ta ce, "To wanne ne na ciwon gwiwa? GP ɗina, likitan nan, paracetamol kawai ya sani."

"Ba a gama sani ba tukuna, Hajiya."

"Shekara nawa kuna aunawa ba ku sani ba? Allah Ya kyauta. Tashi ki wanke mini kwalaben can."

Tsofaffin kwalabe ne da masu saye ke dawowa da su. Na wanke su tas da ruwan zafi, na wanke murafensu masu zoben roba a ciki, na shanya. Da muka zuba sabon haɗi na amarya, na ɗauki murfi zan rufe, sai ta daka mini tsawa har na zabura.

"Ke! Ajiye! Wa ya ce ki sa tsohon murfi?"

"Na wanke su, Hajiya."

"Kwalba ce ke wankuwa. Roba ba ta wankuwa. Duk ƙamshin da ta sha yana nan a cikinta, kina rufewa za ta amayar da shi a sabon haɗi ta ɓata mini. Shinshina ki ji."

Na kai murfin hancina. Ƙamshin tsohon turare yana nan daram, kamar ban taɓa sa masa sabulu ba. Nan take na tuna aljihun rigar aikina.

A ɗakin gwajinmu na gida, kaya ba sa isa. In aka kawo murafen kwalabe, kowa ya damƙi rabonsa ya ɓoye, wanda ya bar nasa a kan tebur ya yi sadaka. Shekara shida ina haka, har ya zama mini jiki. Da na zo Manchester, ga murafe nan kwali-kwali a kan kanta babu mai kallonsu, amma hannuna bai daina ba. Kullum sai na cika aljihun rigar aiki da su. In zan yi wanki in juye su a kan gado, in na goge rigar in mayar da su aljihu don kada in manta, sannan in ɗora ta a kabbasa. Watanni ina turara robar da allurar na'ura ke hudawa. Graham kuwa daga kanta yake ɗaukar nasa, har da na kwalaben ruwa zalla da yake haɗa mana don a tabbatar na'ura ba ta da datti.

Na rungume Hajiya Kande har ta yi tangal-tangal. Ta ce, "Sake ni, gwiwata! Ko dai kin fara sha ne?"

Washegari da safe na koma Manchester da sabuwar kwalbar turare a jaka. An hana ni shiga ɗakin gwaji, saboda haka na kira Graham na roƙe shi ya fito da sababbin murafe goma da ba a taɓa buɗe ledarsu ba. Ya same ni a bayan ginin, wajen ajiye motoci. Na kunna gawayi a kasko, na barbaɗa turare, na sa biyar a cikin hankici na riƙe a kan hayaƙin, biyar suna hannunsa. Aka fara yayyafi. Dattijon nan ya buɗe lema ya riƙe wa kasko, shi yana jiƙewa, masu wucewa suna kallonmu kamar masu tsafi.

"In wannan ya yi aiki," in ji shi, "zan ba jikokina labari."

Ya hau sama ya zuba ruwan sinadari zalla a kwalabe goma, babu ko ƙurar wiwi a ciki, ya rufe biyar da nasa, biyar da nawa. Ni kuma na zauna a wani shagon shayi a Oxford Road ina ƙirga bas-bas, na karanta duk addu'ar da na sani har na koma kan ta shiga kasuwa. Wajen la'asar na hango shi yana tsallako titi da takardu a hannu, ko kwat bai sa ba. Ya shimfiɗa su a kan tebur. Biyar layi ne miƙaƙƙe. Biyar kuwa ga tudun nan, a daidai wurin CBG, tsaye kamar ya biya haya.

Dakta Pilling ta sa aka kai kwalaben babbar na'ura da ke hawa na ƙasa, wadda ke faɗin ainihin sunan abu. Sakamako ya nuna wani mai ne da ake haɗa turare da shi, wanda ya yi daidai da lokacin fitowar CBG a ƙaramar na'urarmu. Ta kira ni ofishinta, ta tura mini mabuɗina a kan tebur.

"Gurɓata ce, ba ƙarya ba," ta ce. "Sakaci ne fita da rigar aiki, kada ki sake. Na soke zaman kwamiti. Ki dawo Litinin."

Ban taɓa mabuɗin ba. Na ce, "Sakacin nawa ne, na karɓa, kuma zan sake awon wata takwas daga farko. Amma Dakta, ba a ofis kika ce na yi ƙarya ba. A gaban mutum bakwai kika faɗa."

Ta cire tabarau ta dube ni. Ban sunkuyar da kai ba. Ta ce, "Juma'a."

Na sake awon kuwa, da murafen kanta da rigar da motar wanki ke kawowa. CBG ya zauna ɗan mitsitsinsa, CBN ya riƙa hawa a hankali yadda THC ke sauka, kuma a kan wannan gaskiyar marar ban mamaki na samu digirina bayan shekara uku. Amma in an tambaye ni ranar da na ci nasara a Ingila, ba ranar sa hular kammala karatu nake faɗa ba, wannan Juma'ar ce.

Mu takwas muka zauna a dogon teburin. Kafin a fara komai Dakta Pilling ta miƙe tsaye, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Makonni biyu da suka wuce na zargi Zulai da ƙirƙirar sakamako a wannan ɗakin. Ban yi daidai ba. Ta rubuta abin da na'ura ta nuna mata ne, kuma ita ce ta gano dalilin da ni ban gano ba. Zulai, ki yi haƙuri."

Sannan ta miƙo mini alƙalamin allo, ta ce in tashi in nuna musu yadda aka yi. Ta ja kujerata ta zauna a cikin ɗalibai, ta buɗe littafinta.

Na tsaya a gaban allo, na dube su ɗaya bayan ɗaya, daɗi ya cika ni har wuya. Na ce, "To, ku rubuta."

Suka duƙa suka fara rubutu, har da ita.